Zafin da ke fita ta salansa: zai iya rage mana kuɗin wuta a cibiyar adana bayanai?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar manya a kan wani abu da ya tsaya mini a rai kwana biyu. Ina aiki a wata ƙaramar cibiyar adana bayanai, ni ke kula da ɓangaren wuta da sanyi. Daren Laraba da aka ɗauke wuta na fita duba janareta, na zagaya ta bayansa wajen salansa. Wallahi ba ka iya matsowa kusa, hucin kamar bakin tanderun gurasa. Ga fankar lagireto ita ma tana ta feso iska mai zafi. A daidai wannan lokacin kuma, bango ɗaya tsakani, injinan sanyi suna ta zuƙar wutar da janaretan ke bayarwa don su sanyaya ɗakin kwamfutoci. Wato mun sayi mai da tsada, mun ƙona shi, wajen kashi ɗaya cikin uku ya zama wuta, saura ya bi iska. Sannan a 'yar wutar da muka samu ma sai mun yanki kaso mai tsoka mun ba injin sanyi.

Da na koma ciki na yi ta bincike har asuba, sai na ci karo da abin da Jami'ar Sirakyus ta jihar Niyok a Amurka ta yi tare da kamfanin IBM. A ƙarshen 2009 suka buɗe cibiyar da ta ci dala miliyan 12.4. Suna samar da wutarsu a wurin da ƙananan injinan tabain (masu farfela da hucin ƙonewar gas ke juyawa) guda 12 na kamfanin Capstone, kowanne kilowat 65, masu aiki da iskar gas. Hayaƙin da ke fita ba sa sakinsa haka nan, suna tura shi cikin wasu injina biyu da ke amfani da zafin su samar da ruwan sanyi. An tsara wurin ya ci kusan rabin makamashin da irinsa ke ci. Tsarin ne ake kira CHP, wato wuta da zafi daga injin ɗaya.

Na yi wa maigidana maganar, ya ce in rubuto masa a takarda. Kafin in rubuta nake so in ji: abin nan yana rage kuɗi da gaske, ko dai aikin jami'a ne da aka yi da kuɗin tallafi?

Malam na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ni ba injiniya ba ne, malamin makaranta ne, amma tun a nan na tsaya. Ta yaya zafi zai haifar da sanyi? Kuma gas ɗin da kake faɗa, man gas ne na manyan motoci?

Ɗan Gwammaja:
A'a Malam, ba dizal ba. Iskar gas ce ta bututu, irin wadda tashoshin wuta na Kudu ke ƙonawa.

Maman Ikram:
Malam, in ka taɓa ganin firjin kananzir ai ka ga amsar tambayarka. Farkon fara aikina a wani ƙaramin asibitin ƙauye, da shi muke ajiye allurar rigakafi. Ba waya, ba soket. A ƙasansa ta baya akwai tanki da lagwani kamar na fitilar ƙwai. Kullum da safe sai na durƙusa na duba harshen wutar, in ya yi ja na san lagwani na son gyara, in shuɗi ne to lafiya. Wannan 'yar wutar ce ke daskarar da ƙanƙara a sama. Na yi shekara uku ina kunna wuta don in sami sanyi, don haka ni ban yi mamakin maganar yaron nan ba.

Baba Injiniya:
Hajiya ta gama bayani, Allah ya saka. Abu ɗaya ne, girma ne ya bambanta, sai kuma sinadarin ciki. Firjin kananzir da ammoniya yake aiki. Manyan kuwa ruwa ne da wani gishiri da ake kira litiyam buromaid.

Ga yadda yake. Ruwa a tukunyar girki sai ya kai digiri 100 yake tafasa. Amma in ka sa shi a rufaffiyar tukunya ka zuƙe iskar ciki kusan duka, zai tafasa a digiri huɗu ko biyar. Duk abin da ke tafasa kuwa zafi yake sha daga abin da ke kusa da shi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa in jikinta na tsattsafowa. To sai a bi da bututun ruwan da za a kai ɗakin kwamfutoci ta cikin tukunyar, ya fito da sanyi, wajen digiri bakwai. Tururin da ya tashi kuma gishirin nan ne ke shanye shi, don mayen ruwa ne. In ya sha ya ƙoshi ya tsinke, sai a kai shi wata tukunyar a dafa shi, ruwan ya fita, gishirin ya dawo da kaurinsa ya koma bakin aiki. Wannan dafuwar ita ce aikin hayaƙin salansa. Aikin da kwamfuresa ke yi da wuta a esi, shi zafi ke yi a nan. Wutar da yake ci ta 'yan ƙananan famfuna ce kawai.

Kuma ɗana, kar ka ɗauka sabon ilimi ne. Na yi shekaru a ɗakin tukunyar tururi na masaƙa. Kamfanonin sukari ma tun da can tukar rake suke ƙonawa su sami tururi, tururin ya juya injin wuta, abin da ya rage ya dafa ruwan rake. Sabon abin kawai shi ne kawo shi wurin da ba tururi yake so ba, sanyi yake so dare da rana.

Malam na Tudun Wada:
Na gane sarai yanzu. To in haka ne me ake jira? Ai asara ce a bar zafin yana tafiya.

Mai Lissafi:
Baba, a yi mini izini in shigo da biro, don a nan ne masu tallan injinan nan ke ruɗa mutane. Za su ce maka tsarin yana cin moriyar kashi 80 cikin 100 na man da aka ƙona, alhali in ka sayi wuta daban ka samar da zafi daban kashi 50 ne. Maganar ba ƙarya ba ce. Amma kilowat ɗaya na zafi da kilowat ɗaya na wuta ba kuɗinsu ɗaya ba.

Mu ɗauki injin gas mai fistin da ke ba da kilowat 1,000 na wuta. Zai ƙona gas na kusan kilowat 2,400. Zafin da za ka iya kamawa, daga salansa da ruwan lagireto, wajen kilowat 1,000 ne. Ka zuba shi a injin sanyi mai dafuwa ɗaya, kowane kilowat ɗaya na zafi zai ba ka kusan 0.7 na sanyi. Ka tashi da kilowat 700 na sanyi. To tambayar da ya kamata a yi ita ce: da injin sanyi mai kwamfuresa ne zai yi wannan aikin, wuta nawa zai ci? Mai kyau yana ba da sanyi biyar a kan wuta ɗaya. Wato kilowat 140. Wannan 140 ɗin ita ce ribarka, ba 1,000 ba. Ko ka sayi mai dafuwa biyu, wanda ke ba da fiye da ɗaya a kan ɗaya daga hayaƙi mai zafi sosai, da wuya ka wuce 200.

Ɗan Gwammaja:
Kai, Yaya, jikina ya yi sanyi. Ni a raina na ɗauka rabin kuɗin wuta zai tafi.

Mai Lissafi:
Kar jikinka ya yi sanyi ƙanena, ban gama ba. Kilowat 140 sau awa 8,000 a shekara ya kama yunit miliyan ɗaya da dubu ɗari da ashirin. Ka tuna a Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar rukunin A naira 225 kan yunit, daga baya ya zauna wajen 209. Ka buga, kusan naira miliyan 235 ne a shekara. In kuma dizal kake ƙonawa, lita ɗaya a babban janareta mai lodi daidai tana ba da kamar yunit uku da rabi. A ce lita naira 1,200, yunit ya faɗo maka naira 340 kuɗin mai kawai, ribar ta haura miliyan 380. Ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Abin da nake so ka gane shi ne riba biyu ce a cikin tsarin nan, kuma dole ka raba su a takardarka. Ta farko ita ce barin dizal ko wutar layi a koma gas. Ta biyu ita ce kama zafi. Ta farkon ce babba. Ana sayar da gas da ma'aunin MMBtu, guda ɗaya yana ba da yunit kusan 120 na wuta a injin kirki. A Amurka a 2024 matsakaicin farashinsa a babbar kasuwarsu dala 2.21 ne, wato yunit bai kai santi biyu ba a kuɗin gas. Ko a ce kai za a kawo maka shi a tanka a kan dala 12, yunit santi goma ne, in dala na naira 1,500 kenan naira 150. Ka ga tazarar da ke tsakaninsa da 340. Mai talla zai haɗe maka ribar biyu ya ce duk albarkar injin sanyinsa ce. In maigidanka ya sayi injin gas kawai ya ci gaba da amfani da esi ɗin da yake da su, ya riga ya kwashi mafi yawan ribar. Injin sanyi mai aiki da zafi sai ya kare kansa da kansa a lissafi.

'Yar Zariya a Dablin:
Sannunku da muhawara. Na karanta tun daga sama. A wannan fannin nake aiki a nan Ayalan, bari in ƙara wani abu a kan maganar Mai Lissafi.

A nan cibiyoyin adana bayanai sun ci kashi 21 cikin 100 na wutar da aka auna a ƙasar a 2023, inji hukumar ƙididdiga. Kamfanin da ke riƙe da babban layin wuta, EirGrid, ya ce a 2022 ba zai ƙara jona sababbi a yankin Dablin ba sai wajen 2028. Don haka masu gini da dama suka koma neman samar da wutarsu da gas a wurin. Amma ku lura, yawanci wutar suke nema, ba zafin ba. Dalili kuwa ƙasar sanyi ce. Mafi yawan shekara iskar waje kawai ake jawowa a tace ta a hura wa kwamfutoci, ba kwamfuresa ba komai. In ba ka kashe wuta wajen sanyaya ɗaki, to me injin sanyi mai aiki da zafi zai rage maka?

Muna da ma'auni da ake kira PUE. Ka raba duk wutar da ginin ke ci da wadda kwamfutocin kansu ke ci. In 2 ya fito, kowane yunit da kwamfuta ta ci an kashe wani a sanyi da asara. Matsakaicin duniya a binciken Uptime Institute, ƙungiyar da ke tantance ingancin irin waɗannan cibiyoyi, yana wajen 1.5 zuwa 1.6, Google kuwa suna ba da rahoton kusan 1.1. A wurin da ke kan 1.1 babu abin da za a yanka. A wurin da ke kan 1.8 ko 2 akwai nama sosai. Shi ya sa ni a ganina tsarin nan ya fi dacewa da ƙasar zafi fiye da inda aka fi gwada shi. Sirakyus gari ne na dusar ƙanƙara.

Ɗan Gwammaja:
Anti, to su me ya sa ya yi musu aiki, tunda garin sanyi ne?

'Yar Zariya a Dablin:
Maƙwabci. Injinan sanyinsu biyu suna ba da sanyi tan 300 (ma'aunin ƙarfin injin sanyi ne), fiye da buƙatar cibiyar nesa ba kusa ba. Rarar ginin ofisoshi da ke gefensu ake tura wa da bazara, da hunturu kuma zafin ne ke ɗumama shi. Jami'a ce, ginin nata ne, ba sai an yi ciniki da kowa ba. Sannan tambayarka ta farko tana kan hanya: akwai gudummawar IBM da ta hukumar binciken makamashi ta jihar Niyok a cikin kuɗin, kuma an gina wurin ne har da niyyar bincike. Wani abu kuma, ƙananan tabain irin nasu ba sa kai kashi 30 cikin 100 wajen mai da gas wuta, injin fistin kuwa yana haura 40. A tabain ɗin kusan duk abin da ya rage ta salansa yake fita a wajen digiri 300. In ka kama shi, madalla. In ba ka da inda za ka kai shi, ka sayi injin da ya fi kowanne cin gas.

Amma kar a ce jami'a kaɗai ke yi. Bankin Citi ya kafa irinsa na megawat 2.8 a cibiyarsa ta Landan.

Bakanike na Sharaɗa:
Ni dai duk wannan lissafin na ji, amma ba wanda ya yi maganar wanda zai riƙa shiga ƙarƙashin injin. Shekara goma sha tara ina gyaran manyan janareta. Janaretan jiran ko-ta-kwana daban, injin da zai yi awa 8,000 a shekara daban. Na gas kusan duk awa 2,000 sai ka tsayar da shi, juyen mai, duba fulogi, saita bawul. Ya kai awa dubu sittin zuwa tamanin kuma sai an sauke shi gaba ɗaya. Duk lokacin da ya tsaya wa zai riƙe ɗakin? Dole ka sayi na biyu ya zauna yana jira. Kuɗin ya kusa ninkawa kenan tun kafin a kunna.

Kuma injin gas ba ya son a ɗora masa lodi farat ɗaya. Dizal ka jefa masa rabin lodinsa zai yi gurnani ya ɗauka. Na gas sai ka bi shi a hankali, mataki mataki, in ba haka ba ya shaƙe ya mutu. Batura masu ƙarfi ne za su riƙe kafin ya daidaita.

Sai zafin gari. Ƙarfin da aka rubuta a jikin tabain an auna shi ne a digiri 15. Mu nan a watan Afrilu muna haura 40. Iska mai zafi ba ta da nauyi, injin ba ya samun abin da zai shaƙa, ƙarfinsa ya ragu daidai lokacin da ɗakinka ya fi neman sanyi. Ga ƙurar hunturu. Na taɓa ciro filtar iska a wani kamfani a watan Janairu, sati uku da sa ta, na buga ta a ƙasa ƙurar da ta zubo ta cika kwanon awo. Tabain kuwa ya fi injin fistin shaƙar iska ninkin ba ninkin.

Malam na Tudun Wada:
To ashe kowane gauta ja ne. Amma Malam Bakanike, ba ka ganin in aka ce komai sai an ji tsoronsa ba za a taɓa ci gaba ba? Dizal ɗin ma ai da wahalarsa muke zaune.

Bakanike na Sharaɗa:
Malam, ban ce kar a yi ba. Cewa na yi a sa kuɗin gyara da na horar da yara a cikin takardar tun farko. Na ga injina masu tsada sun zama gidan ƙadangare saboda ƙaramin abu ya lalace an rasa mai taɓawa. Shi wannan injin sanyin ma da aka zuƙe iskar cikinsa, ƙofar allura ta buɗe iska ta shiga, aiki ya tsaya, tsatsa ta fara cin cikinsa. Yaran da muke da su kwamfuresa suka sani.

Baba Injiniya:
Gaskiya ya faɗa. Har da wata cutar: in wuta ta yanke masa yana tsakiyar aiki ba a tsinka gishirin ba, sai ya daskare a cikin bututu kamar kanwa. Sai an bi shi da zafi ana narkarwa, wani lokaci kwana guda ko fiye.

Amma ni abin da ya fi damuna ruwa ne, kuma ban ji wanda ya ambata ba. Zafin da ka ciro daga ɗakin kwamfutoci da wanda ka zuba daga salansa, duka biyun sai sun fita ta wani wuri. Ta hasumiyar sanyaya ruwa suke fita, inda ruwa ke zama tururi ya tashi sama. Mu koma kan misalin ɗana Mai Lissafi: sanyi 700 da zafi 1,000, kilowat 1,700 kenan za a fitar. Kowane kilowat a awa ɗaya yana tafiya da ruwa kamar lita ɗaya da rabi. A kwana guda lita dubu sittin da ɗoriya. Jarka mai lita 25 guda 2,400, kullum, ban da wanda za a riƙa zubarwa don kar gishiri ya taru ya toshe bututu. Injin sanyi mai kwamfuresa rabin wannan zai sha, in mai fanka ne ma ba ya shan ko ɗigo. Ka tsaya a unguwa da rani ka ga yara da 'yan ga-ruwa a layin rijiyar burtsatse tun kafin asuba, sannan ka ce za ka haƙa taka kusa da su ka riƙa tura tanka biyu sama kowace rana. Wannan ba lissafin naira kaɗai ba ne, akwai haƙƙin maƙwabta.

Maman Ikram:
Baba, Allah ya ƙara girma. Tunda an zo maganar maƙwabta, hayaƙin fa? Ni masu ciwon asma nake gani kullum. A Memfis ta Amurka mazauna unguwar da ke kusa da cibiyar kamfanin xAI sun yi ta kokawa a 2024 da 2025 a kan injinan gas da aka jera a wurin.

'Yar Zariya a Dablin:
Hajiya, damuwarki a kan hanya take. Injin da ke aiki dare da rana a cikin gari dole a sa masa abin tace hayaƙi, kuma a nemi izinin hukumar muhalli. Sai dai a kwatanta shi da abin da zai maye gurbinsa. In dizal zai kora, maƙwabta sun sami sauƙi ƙwarai, don gas ba ya fitar da baƙin hayaƙin nan mai shiga huhu kamar dizal. In kuwa wutar layi mai tsabta zai kora, kamar a Suwidin ko Faransa, to an koma baya ne.

Ɗan Gwammaja, abu biyu kuma ka sa a takardarka. Na ɗaya, tankin dizal ba zai tafi ba. Ƙa'idar Uptime Institute tana neman man awa 12 a ajiye a wurin, bututun gas kuwa ba ajiya ba ne. A Fabrairun 2021 sanyi ya daskarar da rijiyoyin gas a Tekzas, masu dogaro da bututu suka shiga uku. Farashi ma yana iya juyewa: a Agustan 2022 gas a Turai ya haura yuro 300 kan megawat a awa, na ga idon masu irin wannan injin a lokacin. Na biyu, ka tambayi maigidanka irin kwamfutocin da zai saya nan da shekara biyar. Sababbin nan na ƙirƙirarriyar basira da ruwa ake sanyaya su kai tsaye, kuma wasu suna karɓar ruwa mai ɗumi har digiri 40 da wani abu. Irin waɗannan ba sa neman ruwan digiri bakwai. Injin sanyi kuwa na shekara ashirin ake saye.

Mai Lissafi:
Anti, a nan kam ban bi ki duka ba. Ƙananan cibiyoyi irin ta su ƙanena, masu riƙe bayanan banki da asibiti da makarantu, za su daɗe da iska suke sanyaya ɗaki. Kuma a digiri 42 na waje ko ruwan ɗumin ma sai an taimaka masa. Ina ganin buƙatar sanyi a ƙasar zafi ba inda za ta nan kusa.

'Yar Zariya a Dablin:
Na yarda da rabin maganarka. Na faɗa ne don kar a auna girman injin a kan buƙatar yau kaɗai.

Malam na Tudun Wada:
Ni maganar maƙwabcin nan ta Sirakyus ce ta tsaya mini. Mu ba ma buƙatar ɗumama ɗaki, amma masu neman zafi da sanyi ai sun yi yawa. Masu gumin shinkafa tururi suke nema, majema ruwan zafi, ga tumatirin Kadawa da ke ruɓewa a kwando saboda rashin ɗakin sanyi. Me zai hana a gina cibiyar kusa da irin waɗannan?

Baba Injiniya:
Malam, ka yi tunanin injiniya. Sayar da zafin a matsayin zafi ma ya fi riba, don mai injin shinkafa kilowat ɗaya na tururi kilowat ɗaya ne a wurinsa, ba a raba shi biyar ba, kuma ba sai an gina hasumiya mai shan ruwa ba. Sharaɗin dai ya kasance kusa, don zafi ba ya tafiya mai nisa a bututu ba tare da ya huce ba, kuma ya kasance mai aiki duk shekara. Mai aikin kaka kaɗai zai bar ka da zafinka wata bakwai. Sai kuma gas ɗin kansa. Bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, tun 2020 aka ƙaddamar da aikinsa. Amma ɗana, kar ka gina lissafinka a kan babban bututu. Ka gina shi a kan farashin da wani zai sa hannu ya kawo maka gas har ƙofar wurinku, na shekara nawa, kuma da naira ko da dala.

Yanzu faɗa mini: lodinku nawa ne, kuma awa nawa janaretanku ke yi a rana?

Ɗan Gwammaja:
Baba, gaba ɗaya ginin yana cin kamar kilowat 350 da rana tsaka, da dare ya sauka. Janareta kuma ya danganta, wata ranar awa huɗu, wata ranar goma sha biyu. Abin da injinan sanyi kaɗai ke ci ban taɓa aunawa daban ba, mita ɗaya gare mu.

Baba Injiniya:
To a kan janaretan da kuke da shi yanzu kam kar ka soma. Injin sanyin nan yana son zafi mai ɗorewa, ba na awa huɗu yau sha biyu gobe ba, kuma hayaƙin dizal yana toshe bututunsa da baƙi. Maganar tana tashi ne kawai in za ku mai da gas ya zama shi ne wutarku ta kullum, layi da dizal su koma 'yan jira. Kuma a girmanku duk alƙaluman da aka buga a sama sai ka raba su uku, alhali albashin mai kula da injin ba ya raguwa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka rubuta komai ka samo mita mai ajiye bayani, ka maƙala ɗaya a layin injinan sanyi, ɗaya a layin kwamfutoci. Ka bar su wata guda cur.

'Yar Zariya a Dablin:
Kuma yana jiran mitar ya zagaya ɗakin. Ka duba ko iskar zafi ta bayan kwamfutoci tana zagayowa ta haɗu da ta sanyi ta gaba, ka toshe guraben da ba kwamfuta a cikin akwatunan, ka duba a digiri nawa aka saita ɗakin. Da yawa suna ajiye shi a 18 kamar ɗakin ajiye gawa, alhali ƙa'idar ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin sanyi da ɗumi ta Amurka, ta yarda iskar da ke shiga kwamfuta ta kai 27. Wannan kusan kyauta ne, kuma duk abin da ka rage a nan zai rage girman injin da za ku saya in an zo sayen.

Ɗan Gwammaja:
Anti, namu a 19 yake, kuma akwai akwatuna uku da rabinsu a buɗe yake. Gobe in sha Allahu zan fara da su. Na gode ƙwarai Baba, na gode Yaya Mai Lissafi, Hajiya da Malam da Malam Bakanike. Zan gaya wa maigida takardar sai bayan wata guda. Baba, mitar a kan kowane injin sanyi zan sa, ko a babban layin da ya haɗa su?

Baba Injiniya:
A babban layin, amma ka tabbata famfunan ruwa da fankokin waje suna bayan mitar, don su ma cikin kuɗin sanyi suke. Ka riƙa rubuta zafin waje ƙarfe biyu na rana da ƙarfe huɗu na asuba a gefen kowane karatu. In wata ya cika ka turo mana a nan mu duba tare.